Guga da Takunkumi: Yadda 'Yan Agaji Suka Riƙe Gabashin Sakkwato a Zamanin Korona

A ƙauyukan da ke bin gaɓar gulbin Rima, kururuwa ce ke fara kai labarin gobara. Mace ta fasa ihu daga cikin gida, yaro ya sheƙa masallaci, ladan ya buɗe lasifika: "Jama'a, a kawo ɗauki, wuta!" Kafin a jima lungu ya cika. Mai guga ya zo da gugarsa, ɗan garuwa ya turo kura babu ciniki, samari su faɗa wa dangar maƙwabta suna ɓalle zana don a yanke wa wutar hanya. Wasu na watsa ƙasa, wasu na fito da tsofaffi da awaki.

A tsakiyar hargitsin za ka ga mutum biyu ko uku suna tsara layin masu miƙa ruwa, suna kora yara baya, suna tambayar ko akwai wanda ya rage a ɗaki. Idan rana ce ka gan su da kaki da hula, idan dare ne da kayan barci. Su ne 'yan agaji. Ba su da mota, ba su da mesa, ba su da albashi. Gwanintarsu guda ce: tara jama'a da sa su aiki tare.

Da korona ta zo a 2020, sai aka juya musu aikin. Mutanen da suka saba cewa a matso, su aka ɗora wa nauyin cewa a ja baya, a bar musabaha, a ba da tazara. Shekaru biyun da suka biyo baya sun nuna wane ne ainihin mai tsaron rayuka a Wurno, Rabah da Goronyo, sun kuma nuna yadda ake barinsa hannu rabbana.

Ruwa a kusa, mota a nesa

Garuruwan nan uku ba ƙananan wurare ba ne a tarihin ƙasar. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Goronyo kuwa na da madatsar ruwan da aka gina a shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan ɗaya, wadda ke shayar da birnin Sakkwato da gonakin rani.

Arzikin yankin na fadama ne: shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama. Shi ne kuma makamashin gobararsa. Manomi na adana albasa a cikin rudu, wanda da kara da ciyawa ake yinsa. Harawa da karan dawa na jibge a kan rumfuna domin dabbobi. Injin ban-ruwa na shan fetur, don haka da wuya ka rasa jarka a gidan mai noman rani, wani lokaci a ɗakin da ake kwana. Ga 'yan bumburutu da kwalabensu a bakin hanya. Idan hunturu ya busa, aka shigar da kaskon garwashi ɗaki don jin ɗumi, abin da ya rage tartsatsi guda ne.

Daga birnin Sakkwato zuwa Wurno tafiyar kilomita arba'in da wani abu ce, Goronyo ta fi haka nisa, ƙauyukan cikin fadama kuma sai an sauka daga kwalta. Motar kwana-kwana cike da ruwa ba ta gudun ƙaramar mota. Ɗakin jinka kuwa mintuna kaɗan yake ɗauka ya zama toka. Ko da jami'an kashe gobara sun tashi nan take, lissafin ba ya fita. Shi ya sa aikin ya faɗa wuyan maƙwabci tun fil'azal, kuma Bahaushe bai ɗauki wannan a matsayin alfarma ba: idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga ina kakin ya fito?

Babu wata runduna a yankin da aka kafa musamman don kashe gobara ta hanyar sa kai. Abin da ake da shi rassan agaji ne na ƙungiyoyin addini, kuma asalinsu na da alaƙa da wannan ƙasa. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, ta tsayu ne da ƙarfin ɗan Rabah, wato Sardauna, kuma Sarkin Musulmi ne shugabanta har yau. Fityanul Islam ta 'yan ɗariƙa ta biyo baya a Kano. Izala ta bayyana a Jos a 1978. Kowace na da 'yan agajinta, masu fareti da muƙamai irin na soja.

Aikinsu na yau da kullum sananne ne: tsara sahu ranar Juma'a, tsare hanya a Idi, kula da taron wa'azi da maulidi, hidimar maniyyata a sansanin alhazai, ɗaukar wanda ya faɗi zuwa asibiti. Yawancinsu manoma ne, teloli, malaman firamare, 'yan acaɓa. Sau da yawa da kuɗinsu suke ɗinka kakin.

Ban da su akwai 'yan Red Cross, akwai masu ninƙaya na garuruwan bakin gulbi, waɗanda aka ga amfaninsu a ambaliyar 2010 lokacin da Rima ya shafe ƙauyuka da gonaki a wannan yanki. Akwai kuma rundunar da ba a cika lissafawa ba don ba ta da kaki: matan da yaƙi da shan-inna ya horar, masu bin gida-gida da hijabi da littafin rajista. Sun san gidan da aka haihu, sun san maigidan da ke korar masu allura, sun san ta bakin wa za a bi a shawo kansa. A watan Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Da ƙafafun waɗannan mata aka kai ga wannan matsayi.

Ranar da aka ce a ja baya

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. A ƙarshen Maris gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyoyin shiga jihar Sakkwato, makarantu suka tashi. Cutar ta bayyana a Sakkwato cikin Afrilu, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Majalisar ƙoli ta harkokin addinin Musulunci, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta nemi a dakatar da tarukan tafsiri da jam'in tarawihi. Aikin Hajji na shekarar ma bai yiwu ga maniyyatan ƙasashen waje ba.

Umarni daga sama abu ne mai sauƙi. Wanda zai tsaya a ƙofar masallaci ya aiwatar da shi ne ke shan wuya. Ɗan sanda ba zai iya ba, don ganinsa kawai na tayar da gardama. Ma'aikacin lafiya bai isa ko'ina ba. Sai aka koma ga ɗan agaji, tun da dama shi ne mai tsayuwa a wurin. Shi ke cika bokitin famfo, shi ke ajiye sabulu, shi ke tuna wa dattijo ya ɗaga takunkuminsa daga haɓa zuwa hanci. Iyayen ƙasa da hakimai suka tura masu shela, matan shan-inna suka ƙara saƙon wanke hannu a kan wanda suka saba kaiwa.

Ba a karɓe su da tafi ba. Maganar da ta fi yawo a rumfunan kasuwa ita ce korona ciwon manya ne, na masu hawa jirgi, ko kuma hanyar cin kuɗin gwamnati. Wasu na cewa zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya kashe ta. Wanda ya yi saurin kiran wannan jahilci bai yi wa mutane adalci ba. Har yanzu ana tuna gwajin maganin Pfizer a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Kuma manomin da ya binne 'ya'ya saboda zazzaɓin cizon sauro ba tare da kowa ya rufe hanya ba, yana da dalilin tambayar me ya sa wannan cutar ce kaɗai ta tayar da hankalin hukuma.

Ga kuma lokacin da abin ya zo. Maris da Afrilu kakar albasa ce. Kan iyakar Illela na rufe tun Agustan 2019, sai ga takunkumin zirga-zirga tsakanin jihohi. An ce kayan abinci na da izinin wucewa, amma shingaye sun yawaita, kuma albasa ba ta jiran a gama jayayya a shinge. Mutumin da buhunansa ke ruɓewa, shi ɗan agaji zai ce wa ya tsaya nesa da ɗan'uwansa.

Wani wurin ma dokar ba ta da inda za ta zauna. Tun harin da aka kai Tabanni a Yulin 2018, garin Gandi da ke ƙaramar hukumar Rabah ya cika da 'yan gudun hijira. Iyalin da ke raba ɗaki guda da wani iyali, yaya za a yi masa wa'azin tazara? A irin waɗannan wurare abin da mai agaji zai iya bai wuce neman ruwa da sabulu ba, da lura da murhunan da ke dab da bukkoki.

A lissafin hukuma, waɗanda aka tabbatar sun kamu a jihar Sakkwato baki ɗaya ba su kai dubu ɗaya ba, mamatan kuma 'yan gommai ne. Gwaji a birni yake, saboda haka adadin ya fi nuna inda na'ura take fiye da inda cutar ta bi.

Motar kwana-kwana a bakin titi

Su ma jami'an kashe gobara na gwamnati an ba su aikin korona. A Abuja da wasu manyan birane an ga motocinsu na fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a tituna, kasuwanni da ofisoshi. Abin ya yi kyau a talabijin. Sai dai a watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fesa titi ba ya hana yaɗuwar cutar, yana ma iya cutar da masu shaƙa. A ganina, da man da aka ƙona a wannan feshi ya tafi wajen kai ruwa ƙofar masallatai da sansanonin 'yan gudun hijira, da ya fi amfani.

Talatar da kasuwa ta ƙone

Ranar 19 ga Janairun 2021, ana cikin zagaye na biyu na annobar, wuta ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato. An shafe sa'o'i ana fama, dubban shaguna suka salwanta. Babu wanda ya tuna da tazara a ranar. Jama'a suka yi abin da suka saba, suka taru, suka yi ta jidar kaya.

Asarar ba ta tsaya a birni ba, domin daga wannan kasuwa 'yan tireda na Wurno, Achida, Rabah da Goronyo ke saro kaya, da yawa a kan bashi. Tambayar da ta biyo baya a gabas ita ce: idan kasuwar da ke cikin babban birni, kusa da ofishin kwana-kwana, ta yi irin wannan ƙuna, ina ga kasuwar ƙauye mai rumfunan kara?

Shekarar da komai ya haɗu

Allurar korona ta iso Nijeriya a farkon Maris na 2021. Amma cutar da ta girgiza karkara a daminar shekarar ita ce amai da gudawa, wato kwalara. A faɗin ƙasar an samu sama da mutum dubu ɗari da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Wato a shekara guda kwalara ta kashe fiye da duk waɗanda hukuma ta lissafa korona ta kashe a Nijeriya.

A nan ne horon korona ya yi rana. Bokitin famfo, sabulu, saƙon wanke hannu, duk da kwalara suka fi dacewa, kuma ba a sha wahalar shawo kan kowa ba, don mutane na ganin yadda take tsotse mutum cikin yini guda. Mai agajin da ya san haɗin ruwan gishiri da sukari, ya san a garzaya da marar lafiya kafin idonsa ya zurma, ya san kada a wanke kayan majinyaci kusa da rijiya, ya ceci rayukan da ba za su shiga kowane rahoto ba. Yankin ya riga ya ɗanɗana irin wannan annoba a 2017, lokacin da sanƙarau ya ratso daga Zamfara.

Kafin a huta sai matsalar tsaro ta rufe komai. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar don daƙile 'yan bindiga, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Ko me dalilin yake, sakamakonsa ga mai agaji a bayyane yake: babu kiran asibiti, babu kiran kwana-kwana, babu kiran ɗan'uwa mai mota. Fetur kuma, da ya yi wuyar samu, sai ya koma ɓoye a cikin ɗakuna.

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe sama da mutum arba'in. Mutanen gari ne suka kwashi masu rauni, su suka yi wa mamata sutura.

Mai guga da mai bindiga

A daidai wannan lokaci wani nau'in aikin sa kai ya mamaye labarai, wato na 'yan sa-kai masu ɗaukar makami. Masu goyon bayansu na cewa su ne kawai suka tsaya lokacin da babu jami'in tsaro a kusa. Masu suka na cewa kisan da suke yi ba shari'a, musamman a kan Fulani a kasuwanni, shi ke jawo ramuwa a kan bayin Allah. Gwamnatin jiha ta haramta su a ƙarshen 2021. A 2024 gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, da doka, da horo, da motoci da babura.

Babu mai musun cewa tsaro ne kan gaba a gabashin Sakkwato. Amma wannan mataki ya tabbatar da wani abu: idan gwamnati ta so, tana iya ɗaukar mutanen gari, ta tantance su, ta horar da su, ta ba su kayan aiki da alawus. An yi wa mai bindiga. Mai guga da akwatin magani har yanzu yana jiran a kira shi ranar da abu ya ɓaci, a yaba masa a jawabi, a sallame shi.

Wa zai ɗauki nauyi?

A wasu ƙasashe an daɗe da warware wannan. A Jamus masu kashe gobara na sa kai sun kai kusan miliyan ɗaya, sun ninka masu albashi sau da yawa. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku 'yan sa kai ne. Manomi ko makanike ne ke ajiye aikinsa ya ruga idan an yi kira. Bambancin shi ne hukumar gari ce ke sayen mota da kayan kariya, ita ke horarwa, ita ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni.

Ƙwararrun kashe gobara na da tasu damuwar, kuma tana da tushe. Taron da ba shi da horo kan toshe wa mota hanya. Akan watsa ruwa a wutar fetur ta ƙara bazuwa, ko a kan wayar lantarki mai rai. Ɓarayi kan saje da masu taimako. Jami'an lafiya ma sun ga yadda mai kyakkyawar niyya ke ɗaukar majinyaci hannu tsirara ya koma gida da cuta. Sai dai duk wannan hujja ce ta a horar da mutanen, tun da ko an so ko an ƙi su za su riga kowa isa.

Wasu kuma na tsoron siyasa. Da zarar alawus ya shigo, in ji su, za a cike jerin sunaye da yaran 'yan siyasa, a ture waɗanda suka shekara ashirin suna yi don Allah. Akwai kuma batun ƙungiyanci: ɗan agajin Izala da na ɗariƙa kowa da masallacinsa da shugabansa. A wurin gobara ba a tambayar wannan, amma a wurin rabon kaya za a tambaya. Mafita mafi kusa ita ce a bi ta hannun iyayen ƙasa, kamar yadda aka yi a yaƙin shan-inna, inda sarakuna suka haɗa kowa a inuwa guda aka kuma ga sakamako.

Kayan da ake buƙata ba na biliyoyi ba ne. Yankin cike yake da injinan ban-ruwa da mesa, kuma kusan kowane saurayi ya iya tayar da su. Inji guda a kan keke mai ƙafa uku, da tanki a tsakiyar kasuwa, da tukwanen kashe wuta a rumfar 'yan fetur, da safar hannu da takunkumi a akwatin kowane reshen agaji, da rigunan ruwa a mashigar jirage, za su sauya abubuwa da yawa. Batun rigar ruwa ba ƙari ba ne: a Agustan 2025 jirgi ɗauke da mutum kusan hamsin ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, kuma masu ninƙaya na yankin na cikin waɗanda suka yi ta nitso ana neman mutane.

Kasuwannin albasa da na dabbobi na tara kuɗin shiga kowane mako, kuma 'yan kasuwar ne ke fara asara idan wuta ta tashi. Ware wani kaso na wannan kuɗi, a hannun kwamitin da ya haɗa sarkin kasuwa, wakilin uban ƙasa da shugabannin agaji, ba ya buƙatar jiran Abuja. Abu na farko da ya kamata asusun ya biya shi ne maganin mai agajin da ya ƙone ko ya kwaso cuta a bakin aiki, domin a yanzu iyalinsa da 'yan reshensu ne ke yin karo-karo su kai shi asibiti.